Hatimin Usta

Sharaɗi bakwai suka liƙa a bango
a ofishin dillali, bayan kasuwar Bur Sudan.
Na bi su da yatsa, layi bayan layi,
yatsan da wuta ta cinye wa zane tun tuni.

Shekaru kada su haura arba'in da biyar.
Inna ta ce an haife ni a Mai Wurno
shekarar da kogi ya ci gonar Gwadabe,
ana tsakiyar yankan dawa.
Malamin rajista ya rubuta ɗaya ga Janairu
kamar yadda ya rubuta wa rabin garinmu.
Da wannan ranar aro na sha da ƙyar:
saura wata huɗu ƙofa ta rufe.

Sun ɗebi jini, sun haska ƙirji.
Likita ta ga tabo a farin idona,
na ce tartsatsin walda ne, na shekara ashirin da uku.
Ta rubuta: lafiya lau.
Da ma ta rubuta abin da ta gani,
da na samu shaidar da ake nema a layi na uku:

takardar aiki mai hatimi,
da sa hannun maigida, da lambar wayarsa.
Garejin Usta Mahajub yana Bahri.
Yana, na ce? Toka ce da lanƙwasasshen ƙarfe.
Hatimin yana cikin aljihun tebur,
teburin kuwa na katako ne.
Shi Usta, wasu sun ce Shandi, wasu sun ce Masar,
wasu sun sunkuyar da kai.
Lambarsa takan yi ƙara sau biyu, ta mutu.

Dillali ya rage murya, ya tura mini jabana:
akwai mai sassaƙa hatimi a bayan tasha,
kafin la'asar ka zama ma'aikacin duk wanda kake so.
Na riƙe finjalin har ya huce.
Usta yakan ce waldar ƙarya,
fenti ke rufe ta, ruwa ke tona ta.
Ban ce a'a da ƙarfi ba. Na dai tashi.

Jarrabawa ta zo kashi biyu.
Kwamfuta ta tambaye ni da Turanci
sunayen abubuwan da na sani da wari,
na sani da ƙara, na sani da launin harshen wuta.
Dare goma sha ɗaya 'yata Ashana
tana karanto mini su da hasken waya,
in na yi kuskure ta danne dariya.
Na haye da maki biyu kacal.

Sai aka miƙo mini bututu biyu.
Na sauke gilashi. Duniya ta yi duhu, ta yi daidai.
Da na ɗago, yaron da ke duba mu
ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya sake bi,
ya kira abokinsa ya zo ya gani.
Ya ce, "Wa ya koya maka?"
Na faɗa masa.
Ya duba takardarsa sama da ƙasa,
babu gurbin da zai rubuta.

Sauran ukun kuɗi ne, kowanne da sunansa.

Kakana Sambo ya baro Haɗeja a ƙafa
da guduma da zugazugi a buhu.
Kowane gari ya sauka, ya ƙera fartanya,
a kafta ta a ƙasa, a ba shi masauki.
Shekara bakwai yana nufin gabas,
Nilu ya tsayar da shi, ya yi masa kabari.
Ni ga ni a bakin gishirin da bai gani ba,
Jidda tana can ƙetare, kwana ɗaya a jirgin ruwa.

Yanzu ina like cikin tankar ruwa a tashar jirage,
a biya ni da yamma, in sayi ful da burodi.
Kowane ɗinki na gama sai in ɗauke shi hoto,
ko wata rana wani zai yarda da ido.

Saura wata uku.
Jiya bayan isha'i na sake gwada lambar Usta.
Ta yi ƙara sau biyu.
Ta yi ta uku.